Majigi don ɗakin karatu a Sakkwato: wanne zai jure ƙurar hunturu da zafin bazara?

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamitin makarantarmu ya amince a sayi majigi don darasin tajwidi da taron iyayen yara. Ɗakin tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 8, tagogi huɗu a kowane gefe, rufin kwano da silin. Akan zauna mutum 80 zuwa 100. An nuna mana wani ƙarami da aka rubuta ma'aunin haskensa lumen 9,000 a kwalinsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na Epson mai lumen 3,600 ba. Wasu 'yan kwamiti na ganin tunda lambarsa ta fi yawa, shi ya fi haske. Masu sani ku taimaka kafin a fitar da kuɗin jama'a.

Injiniya, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a sayi wannan ƙaramin. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI ko ISO a gefenta. Yadda ake samunta: a haska fari a allo, a raba allon gida 9, a auna haske a tsakiyar kowane gida, a ɗauki matsakaici, a ninka da girman hoton. Wato hasken da ya isa allo ake ƙirgawa. Ƙananan nan gilashin LCD ɗaya tak ne a cikinsu da fitilar LED a bayansa, kuma yawancin hasken a ciki yake mutuwa. Abin da ke fitowa galibi tsakanin 100 ne da 300. A ɗakin kwana da dare zai nuna, a ɗaki mai tagogi takwas da hantsi kuwa bango kawai za a gani.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a shago. A juya majigin a karanta takardar da ke manne a ƙasansa. Majigi mai ƙwan fitila da ke ba da lumen 3,600 na gaskiya yana jan wuta wajen wat 300. Idan aka ga wat 50 ko 60 kuma ana iƙirarin 9,000, magana ta ƙare.

Malama mai koyar da kwamfuta, Gawon Nama:
Na yarda da Injiniya, amma tunda tajwidi ne akwai abin da ya kai haske muhimmanci, wato yawan ɗigon hoto. Rubutun Alƙur'ani ba kamar boko ba ne. Wasali, shadda, ɗauri, alamar madda, ɗigon da ke raba fa'un da ƙaf a rubutunmu na Warshu, duk ƙanana ne. A majigin SVGA mai ɗigo 800 da 600 haɗewa suke yi, yaron da ke baya ba zai bambance rufu'a da ɗauri ba. Mafi ƙaranci a nemi WXGA, 1280 da 800. In da hali, 1920 da 1080.

A kula da wayon 'yan kwali. Za a ga 1080 da manyan haruffa, alhali abin nufi yana karɓar hoton 1080 ne sannan ya matse shi zuwa nasa ƙaramin ma'auni. A buɗe littafin da ke cikin kwalin a nemi ainihin ma'aunin gilashinsa, shi ne gaskiyar.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Malam, duk abin da sunka faɗi gaskiya ne. Amma majigin da aka kawowa gyara garin nan, ba lumen ka kashe su ba. Ƙura ce, da zafi, da wuta. Wanga inji shaƙar iska shikai tun daga kunnawa har kashewa, fanka biyu ko uku na aiki cikinai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin da shika shaƙa kun san shi. In matatar iska ta toshe, zafi shi taru, jar fitilar nan ta zafi ta kama ƙyaftawa, injin shi kashe kanai. Mutane su sake kunnawa, shi sake mutuwa, har ƙwai shi tafi. Yawancinsu kamfani ya rubuta iyakar zafin wurin aiki digiri 35, wasu 40. Mu ko Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano, inda anka rataye shi kusa da silin, nan ne zafin ɗaki duk shika taruwa.

Mai Hayar Kayan Taro, Mabera:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Shi ya sa ni nake ba da shawarar DLP, irin na BenQ ko Optoma ko ViewSonic. Hotonsa daga ɗan guntun madubi yake fitowa wanda kamfanin Texas Instruments ke ƙerawa, ƙananan madubai dubban ɗaruruwa a rufe cikin gida guda, ƙura ba ta samun shiga kamar yadda take shiga na LCD. Na LCD gilashi uku ne, ja da kore da shuɗi, iska na bi ta tsakaninsu. Ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna a kan guda, sai ka ga tabo kore ko shuɗi a allo wanda gogewar waje ba ta fitar da shi.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Alhaji, rabin magana ke nan. DLP na da nasa ciwo. Akwai faifan launi da ka juyawa gaban ƙwai, da ɗan ido mai ƙirga juyinai. In ƙura ta rufe idon, launi shi rikice, hoto shi riƙa walƙiya, ko injin shi mutu bayan daƙiƙa 30. Sannan in zafi ya yi wa guntun madubin yawa, madubai su fara maƙalewa, ka ga farare da baƙaƙen ɗigo kamar taurari, yau 5, wata mai zuwa 200. Wagga ba ta gyaruwa sai an canza guntun gaba ɗai, kuma shi ne mai tsada cikin injin. Na LCD kuwa matata ce ka cirewa da hannu ka kakkaɓe ka mayar. Ciwonai na zafi shi ne gilashin tace haske na ɓangaren shuɗi ya ƙone, hoto shi yi rawaya daga tsakiya. Kowanne da inda shika karyewa.

Injiniya, Arkilla:
Ni a makaranta na fi karkata ga LCD mai gilashi uku, saboda dalili ɗaya. Mushafin tajwidi da launi ake rarrabe hukunce-hukuncensa. A LCD ja da kore suna fitowa da ƙarfinsu kamar yadda fari ke fitowa. A DLP mai arha ana ƙara farin yanki a faifan launi don lambar lumen ta hau, sai fari ya yi haske amma launuka su dushe. In da akwai wanda zai riƙa share matata, LCD. In babu mai kula, to maganar Alhaji ta fi ƙarfi.

Yanzu girman allo, domin shi ne zai nuna ko 3,600 ɗin ma zai isa. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, don karanta rubutu, nisan mai zama a sahun ƙarshe kada ya wuce tsayin hoton sau 6. Sahun ƙarshe a ɗakinku zai kai mita 11. A raba da 6, tsayin hoto mita 1.8 ke nan. A majigin WXGA faɗin zai zama kusan mita 2.9. Girman fili murabba'in mita 5.2. A raba 3,600 da 5.2, kowane murabba'in mita zai samu wajen 700. Allon inci 100 da aka saba gani, mai faɗin mita 2.2 da tsayin 1.25, shi yana samun 1,300 daga wannan majigin. Kun ga haske ya kusa raguwa da rabi don kawai an faɗaɗa hoto. Kuma sabon ƙwai ake magana, domin yana dushewa a hankali har ya kai rabin haskensa a ƙarshen rayuwarsa.

Saboda haka 3,600 zai yi, da sharaɗin labule mai kauri a tagogi biyu na gaba a kowane gefe. Majigi ba ya haska baƙi. Baƙin da ake gani a allo shi ne duhun ɗakin, in rana ta faɗa kan allon babu lumen da zai ceci rubutun.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Allah ya saka da alheri. Silin ɗinmu mita 3 ne daga ƙasa. Zai ɗauki wannan allon? Kuma a ina za a rataye majigin?

Injiniya, Arkilla:
Da kyar, in a kan benci ake zama. Ana son gindin hoto ya tashi mita 1.2 daga ƙasa don kawunan na gaba kada su tare na baya, 1.2 da 1.8 sun cinye mita 3 cif. In a tabarma yara ke zama, a sauko da shi zuwa santimita 80, sai a samu sarari. In benci ne, a rage tsayin zuwa 1.6 a ƙara girman rubutu a kwamfuta.

Nisan ratayewa yana cikin littafinsa, lamba ce kamar 1.3 ko 1.5. A ninka ta da faɗin hoton. In 1.5 ce, 2.9 sau 1.5, mita 4.35 daga allo. Kafin a huda silin a ɗora shi a tebur a gwada, a sa alama. Idon majigin ya saitu da tsakiyar faɗin allo daidai. In aka karkace shi aka ce za a gyara da maɓallin daidaita kusurwa, hoton zai miƙe amma ta hanyar matse ɗigo ne, kuma wasullan da Malama ke magana su ne farkon lalacewa. Ƙarfen ratayewa ya shiga katakon rufi, ba allon silin ba, kuma ya sauko da injin aƙalla rabin mita. A duba kada fankar sama ta gitta tsakaninsa da allo.

Malama mai koyar da kwamfuta, Gawon Nama:
Zan kawo abin da zai iya ɓata wa masu majigi rai. Malam, ku yi tunanin talabijin. Darasin Islamiyya da safe ne ko bayan la'asar, lokacin da haske ke da ƙarfi. Rufe tagogi da labule a watan Afrilu da yara 100 a ɗaki azaba ce. Talabijin mai inci 65 ba ruwansa da labule, ba ƙwai, ba matata, wutar da yake ci ba ta kai rabin ta majigi ba, kuma in wuta ta ɗauke ba abin da ke ƙonewa.

Injiniya, Arkilla:
Malama, tsayin hoton inci 65 santimita 81 ne. Sau 6, bai kai mita 5 ba. Rabin ɗakin bai gani ke nan.

Malama mai koyar da kwamfuta, Gawon Nama:
Shi ya sa ake sa biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a rataye a tsakiya, da ɗan akwatin da ke raba wayar hoto ta HDMI ɗaya gida biyu. Na san kuɗin farko zai fi yawa, kuma malami ba zai iya nuna harafi da sanda a allo biyu lokaci guda ba, sai da kibiyar kwamfuta. Amma a lissafa da kuɗin ƙwai na shekara biyar kafin a yanke.

Mai Hayar Kayan Taro, Mabera:
Don aji na kullum maganar Malama tana da nauyi. Inda talabijin ke gazawa shi ne ranar da za a fita fili, walimar saukar karatu ko tafsirin azumi da mata ke bi daga wani sashe. Majigi jaka ɗaya ce, bayan magariba ya ba ka hoton mita 4 a jikin bango. In kwamiti na son abu ɗaya ya yi aikin biyu, majigi ne.

A fili kuma ga abin lura. Farin yadi ya samu baƙi a bayansa, in ba haka ba rabin haske ta baya yake zurarewa. A ɗaure shi kusurwa huɗu da tsakiya saboda iska. In bango ne, farin fenti marar sheƙi. Mai sheƙi yana tara haske wuri ɗaya kamar tocila.

Mai Sola, Minannata:
Ba wanda ya yi maganar wuta dalla-dalla, bari in shigo. Majigi mai ƙwai wat 300, kwamfutar hannu wajen 60, amfilifaya da lasifika biyu a ce 80. Jimla 440. Batir mai bol 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda, amma irin na ruwa rabi ake sha in ana son ya daɗe, saura 1,200. Inbata ta ci nata kaso, a samu wajen 1,000. Awa biyu da 'yan mintoci ke nan. In aka sa majigin a yanayin tsimi da aka rubuta Eco, yana sauka wajen wat 220, fanka ta yi shiru, ƙwai ya ƙara kwana, amma haske ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Da dare ba za a lura ba, da rana za a lura.

Inbatar ta zama mai fitar da wuta tsaftatacciya irin ta layi, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba. Mai 1kVA ta isa wannan kaya. Batir kuma a ajiye shi inda iska ke ratsawa, zafinmu yana gajarta masa rai sosai.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
In babu kuɗin sola, ko UPS a saya, akwatin batir mai riƙe wuta in ta ɗauke, mai 1,000VA. Ba don a ci gaba da karatu ba, don a samu minti biyar a kashe shi da rimot fanka ta gama aikinta. In wuta ta ɗauke shina tsaka da aiki, fanka ta tsaya, zafin ƙwai shi zauna cikin injin shina gasa abin da ke kewaye.

Injiniya, Arkilla:
Baba, sababbin Epson da wasu an yi su yadda za a iya zare wuta kai tsaye, kamfani da kansa ya rubuta.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
An rubuta, Injiniya, ban musa ba. Amma abin da ka biyo baya shi ne matsala. Wuta ta ɗauke, a ruga a tada janareto, cikin minti ɗaya a danna kunnawa. Ƙwan nan mai zaiba ne, in shina da zafi ba shi kamawa da sauƙi, injin shi yi ta harba mishi wuta mai ƙarfi, kowace harbawa tana cin bakin ƙarfen da ke ciki. A ba shi minti biyar zuwa goma shi huce. Kuma kada a bar shi a jone lokacin da aka juyawa daga janareto zuwa wutar gari. Janareto shi tashi, shi daidaita, sannan a jona. In za a kashe, majigi ka fara mutuwa, janareto daga baya. Ƙarancin wuta bai cika damunai ba, don yawancinsu daga bol 100 zuwa 240 suka karɓa. Tsallen wuta shi ka ƙone allon wutar.

Mai gidan kallo, Tudun Wada:
Ga wanda zai kunna awa da yawa kullum, a duba mai leza. Ba ƙwai, kamfanoni na rubuta awa 20,000. Ƙwai kuwa daga 3,000 zuwa 6,000 ne, a yanayin tsimi ya haura. A gidan ƙwallo inda ake awa 6 a rana, shekara ɗaya awa 2,000 ce da ɗoriya, leza na fanshe kuɗinsa. Makarantar da za ta kunna awa 2 a rana, kwana 5 a mako, wajen awa 500 ke nan a shekara. Ƙwai ɗaya zai kai su shekaru, in ƙura da wuta sun bar shi. Malam, ku ba kwa buƙatar leza sai in kuɗin ya samu cikin sauƙi.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Wani ya kawo shawarar na hannu, wai ya fi sabo ƙarami. Sannan teburin malami yana gefe, waya za ta yi tsawo.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Na hannu mai suna ya fi sabon ƙaramin can nesa ba kusa ba, amma a gwada. Kada a yarda da awannin ƙwai da ke cikin menu, ana maishe su sifili da danna maɓalli uku. A haska fari zalla a duba rawaya ko tabo. A haska baƙi zalla a duba fararen ɗigo. A bar shi shina aiki rabin awa, don mai ciwon zafi minti goma na farko lafiya lau shike. A gwada kowace kafar HDMI. A tambayi lambar ƙwanai, na Epson da ELPLP suka farawa, a tabbatar ana samu kafin a biya.

In ranar canza ƙwai ta zo: a zare wuta, a jira awa ɗaya, kada yatsa shi taɓa gilashin don maiƙon hannu na sa shi fashewa. In ya fashe a ɗaki a fitar da yara a buɗe tagogi saboda zaibar. Ƙwai na gaskiya Philips ne ko Osram ko Ushio. Na jabu haske kaɗan, kwana kaɗan.

Mai Hayar Kayan Taro, Mabera:
Waya kuma, HDMI ta yau da kullum har mita 10 ba matsala. Daga 15 sai hoto ya fara ɗaukewa yana dawowa. In ta wuce haka a sayi 'yan akwatuna biyu masu tura HDMI ta wayar intanet ta Cat6, suna kai mita 50. Akwai kuma HDMI mai zaren gilashi, amma ita kai da gindi gare ta, an rubuta a bakin kowanne, in aka juya ta ba hoto. A gwada kafin a cusa ta cikin silin.

Abin da ya fi ƙona kafar HDMI shi ne jona waya alhali komai na kunne, musamman a janareton da ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba. Wani lokaci har tartsatsi ake gani. A jona wayoyi duka tukuna, sannan a ba da wuta. Sauti kuma kada a dogara da lasifikar cikin majigi, ba za ta cika ɗakin mutum 100 ba. A fitar daga kwamfuta zuwa amfilifaya. In aka ji gurnani a lasifika, a zare cajar kwamfutar a saurara. In ya tsaya, a mayar da kwamfuta da amfilifaya kan soket ɗaya.

Malama mai koyar da kwamfuta, Gawon Nama:
In an jona ba hoto, kafin a kira Baba a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi kwafin allo, sannan a tabbatar majigin na kan kafar da aka soka wayar. Masu son haskawa daga wayar hannu su sani ba kowace mai kafar USB-C ke fitar da hoto ba, yawancin masu arha caji kawai suke yi ta nan. Shafi kuma layi 5 ko 6 na mushafi ya isa a lokaci guda, baƙin rubutu a kan fari.

Injiniya, Arkilla:
Baba, a bazara kana ba da shawarar a kunna yanayin nan na wurare masu tudu, wanda ke ƙara wa fanka gudu?

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Daga Maris zuwa saukar ruwa, e, a kunna. Ƙara za ta ƙaru amma injin shina samun sanyi. Da hunturu a kashe, don fanka mai gudu ƙura mai yawa taka jawowa. Matata a share ta duk mako da hunturu, sauran shekara sau ɗaya a wata. A cire ta a fita waje a kakkaɓe da burushi mai laushi, kada a busa ƙurar zuwa cikin injin, kuma kada a fesa komi mai kama wuta. In ta yage a canza, kada a kunna babu ita. Idon gaba da ƙyallen goge tabarau, ba da bakin riga ba. In an tashi, sai ya huce sarai sannan a rufe shi da riga ta yadi. Ranar share ɗaki kuma a yayyafa ruwa kafin tsintsiya, majigin na kashe kuma a rufe.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Na rubuta duka. Abin da zan kai wa kwamiti: LCD mai gilashi uku, WXGA, lumen 3,600 zuwa 4,000 na ANSI, UPS mai 1,000VA, labule huɗu, da wanda za a ɗora wa share matata. Zan kuma kai musu lissafin talabijin biyu na Malama su kwatanta. Baba, matatar ajiya guda nawa za mu haɗa da shi tun yanzu?

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Biyu, Malam. Lambarta na cikin littafin, a Epson da ELPAF taka farawa. Ku saya tare da injin, don in samfurin ya tsufa ita ka fara ɓacewa a kasuwa.